Saƙon godiya bayan Allah ya tsayar mana da mutuwar kifi

Alhamdu lillahi, mutuwar ta tsaya. Tarwaɗar da ta rage ta koma cin abinci, ni ma na samu na runtsa. Ba sai na tsawaita labarin ba: famfon burtsatse ne ya ƙone mana a tsakiyar bazara, ruwa ya yanke, kifin da nake kiwo suka yi ta mutuwa. Jikina har yanzu bai dawo daidai ba, amma godiyar nan ba za ta jira ba.

Bayan Allah, godiyata ta farko ga Likita ce. Ya hana ni faɗin sunansa, shi ya sa na tsaya a nan. Dattijo ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ɗakin binciken cututtukan kifi, ya yi ritaya, ba ni da abin da zan biya shi. Da asuba ya iso, a lokacin ina tsaye bakin tanki riƙe da ledar magunguna, kowa ya faɗa mini nasa na sayo. Hannuna rawa yake yi. Ya karɓi ledar ya ajiye gefe, ya ce, "Ɗana, bari mu fara gaisawa da ruwan." Ya naɗe hannun riga, ya ɗebo ruwa ya sunsuna, ya ɗiga wani abu a ƴar kwalba har ruwan ya sauya launi, ya ce amoniya ta yi yawa, wato dafin da ke fita daga kashin kifi da ragowar abinci. Sannan ya kamo ɗaya mai jan gyambo a ciki, ya juya shi a hankali kamar mai duba jariri.

Abin da ba zan manta ba shi ne da ya tsuguna ya zana da'ira uku a ƙasa da tsinke, kowace ta shiga cikin ƴar'uwarta. Ɗaya kifi, ɗaya ƙwayar cuta, ɗaya ruwan da kifin ke ciki. Ya ce ƙwayar da yake zargi, Aeromonas, kullum tana nan cikin ruwa, ba ta samun galaba sai ruwa ya ɓaci kifi ya galabaita. Inda ukun suka haɗu, nan annoba take.

Ya ce zanen ba nasa ba ne, na Stanislaus Snieszko ne, kuma tun da ya faɗa sunan ya zauna mini. An haifi mutumin a Polan a 1902, ya yi karatu a Krakow, ya koma Amurka a 1939. Daga 1946 ya kama aiki a Leetown, cikin jihar West Virginia, inda ya jagoranci ɗakin binciken cututtukan kifi shekaru masu yawa. A can ya yi fama da wata cuta mai kashe kifin ruwan sanyi, wadda wata ƙwayar Aeromonas ɗin ce ke kawo ta, dangin wadda ta addabe mu, ya kuma taimaka aka gano yadda za a magance ta da magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ake kira salfa cikin abinci. Abin da ya fi burge ni, mutumin da ya san magani haka shi ne kuma ya rubuta a 1974 cewa wahalar da muhalli ke ɗora wa kifi ce ke buɗe wa cuta ƙofa. Ya rasu a 1984, har yau ƙungiyar masana kifi ta Amurka tana ba da lambar yabo da sunansa. Bai taɓa sanin unguwarmu ba, amma ilminsa ya iso bakin tankina ta hannun Likita, kuma ina gode masa.

Da wannan aka yi aiki. Aka tsayar da abinci, aka rage cunkoso, aka yi ta sauya ruwa ana sa gishiri daidai awo, matattun aka binne su nesa. Masu shirin mutuwa Likita ya ɗauka zuwa gwaji, don ya ce wanda ya riga ya ruɓe ba ya nuna komai. Sai da sakamako ya fito ya rubuta magani guda ɗaya. Ko kuɗin mai bai karɓa ba. Likita, Allah ya jiƙan mahaifanka, ya ba ka lafiya mai ɗorewa, ya sa ilmin nan ya zame maka sadaka mai gudana, ya raya zuri'arka cikin albarka.

Ƴan garuwan layinmu, ku ne kuka yi ta turo kura cikin rana har ƙafafunku suka yi fari, wasu ma kuka ce a bar kuɗin sai an kwashe. Maƙwabcina mai gidan burodi da ya ja mana tiyo daga rijiyarsa, uwargidana da ta riƙa haska mini fitila muna tsame matattu cikin dare ba ta taɓa cewa ta gaji ba, ƙanina da ya bar shagonsa a rufe: Allah ya saka muku da mafificin alheri, ya tsare dukiyarku, kada ya nuna muku irin wannan rana.

Akwai ƴan'uwa da ba sa kuskuren ranar kwasar kifi, da ledarsu suke zuwa. A wannan karon ko sallamarsu a waya ban ji ba. Na yi musu uzuri, wataƙila labarin ne bai kai gare su ba, amma raina ya sosu.

Masu bi na kuɗin abincin kifi, na gode da haƙurinku. In Allah ya kai mu kwasa, da ku zan fara.