Daren da sabar ta ƙi gane ni

Jumla ɗaya tak shafin shiga manhajarmu ya iya: «Suna ko kalmar sirri ba daidai ba.» Ni na rubuta masa ita da hannuna shekarun baya, kuma ita ya yi ta maimaita mini wata ranar Asabar, tun daga la'asar har bayan ƙarfe ɗayan dare.

Wata ƙungiyar adashen ma'aikata nake kula wa da manhajar da mambobi ke shiga su duba ajiyarsu da bashinsu. Da Java aka rubuta ta, Tomcat 7 ne ke gudanar da ita a kan saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, bayanan kuma suna cikin rumbun bayanai na MySQL 5.6. Tun ƙarshen Maris na 2021 aka daina yi wa Tomcat 7 gyara, don haka na kwashe komai zuwa sabuwar saba mai Tomcat 9 da MySQL 8.0. Ban taɓa Tomcat 10 ba, domin a can an sauya sunayen javax zuwa jakarta, ni kuwa ban shirya wannan wahalar ba. Shafin farko ya buɗe lafiya lau. Shiga ce ta gagara.

Idan mutum ya cika fom ɗin shiga, burauza na aika sunansa da kalmar sirrinsa zuwa j_security_check. Daga nan Tomcat ya miƙa su ga abin da ake kira Realm, wato maigadin ƙofa, shi kuma ya leƙa tebura biyu a rumbun bayanai: na masu amfani da na matsayinsu. Matsalar maigadin nan ita ce bakinsa ɗaya. Ko ɓarawo ne ya zo, ko hanyar zuwa rumbun ce ta yanke, ko rajistar ce ya kasa karantawa, shafin kuskure guda zai nuna. Da gangan ne, don kada mai mugun nufi ya gane inda ya dosa. Sai dai mai gyara ma haka ake barinsa cikin duhu, kuma na ɓata kusan awa guda ina sake buga kalmar sirri a hankali, harafi bayan harafi, kamar yatsuna ne masu laifi.

Da na buɗe catalina.out, wato log ɗin da Tomcat ke rubuta abin da ya faru, matsalolin farko ba su ɓuya ba. Direban MySQL, fayil ɗin da ke haɗa Java da rumbun, yana cikin WEB-INF/lib na manhaja, alhali a server.xml, fayil ɗin saitin Tomcat, na bayyana hanyar rumbun, wurin da Tomcat ba ya ganin abin da ke cikin manhaja. Na mayar da shi babban lib na Tomcat. Sai MySQL 8.0 ya kawo nasa: «Public Key Retrieval is not allowed», saboda sabuwar hanyarsa ta caching_sha2_password ba ta yarda a wuce haka nan a layin da ba a rufe ba. Tunda su biyun a na'ura ɗaya suke, na ƙara allowPublicKeyRetrieval=true a adireshin. Tomcat ya ƙi tashi gaba ɗaya, don na manta cewa a fayil ɗin XML alamar & sai an rubuta ta &. Duk waɗannan masu kirki ne, tunda sun yi ihu an ji su.

Bayan sallar isha'i log ya yi tsit, shafin kuma bai canza magana ba. A nan na yi abin da ya kamata in fara da shi: na bar tambayar Tomcat, na tambayi MySQL me yake gani. Na kunna general_log, rajistar duk tambayar da ta iso wa MySQL, na gwada shiga, sai ga tambayar ta iso, tana neman kalmar sirrin sunana daga teburin da ya dace. Ashe hanya a buɗe take, maigadi yana karɓar amsa, wajen gwadawa ne yake cewa a'a.

Ba a ajiye kalmar sirri yadda take. Niƙa ta ake yi, kamar yadda ake kai gero inji: gari ba ya komawa tsaba, amma duk wanda ya kawo irin geron, garinsa zai fito iri ɗaya. A tsohuwar sabar, digest="MD5" na rubuta a jikin Realm, wato ya niƙa da hanyar MD5, shi ke nan. Tomcat 9 bai san wannan ba, sai an sa masa CredentialHandler, wato mai niƙa kalmar kafin a gwada. Ya ma faɗa mini a layin gargaɗi guda lokacin tashi, cewa bai sami abin da ya dace da digest ba, na wuce ban karanta ba. Tun la'asar yana gwada tsaba da gari.

Da na sa masa MD5 na je na kwanta, da labarin ya ƙare a nan. Amma ƙarfe goma na dare sai ƙwazo ya motsa mini. MD5 ya tsufa, na ce bari in jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: na haɗa NestedCredentialHandler, tsofaffin mambobi su ci gaba da MD5, sababbin kalmomi su koma SHA-256, hanyar niƙan da ta fi ƙarfi. Na niƙa sabuwar kalma da digest.sh, ɗan shirin niƙa na Tomcat, na liƙa ta a layin sunana. MySQL ya ce an gyara layi ɗaya, da gargaɗi ɗaya. Wannan ma na wuce shi.

Shiga ta ƙi. Na leƙa teburin fiye da sau goma, kullum ina ganin haruffa da lambobi 64 a jere, daidai tsawon SHA-256, sai in ce nan lafiya, in koma in hargitsa server.xml. Awa biyu ina wannan zagayen. Sai da na ajiye abin da digest.sh ya fitar a saman abin da ke teburin, layi kan layi, na ga na saman ya zarce har ya naɗo. Abin da yake fitarwa kashi uku ne, alamar dala na raba su: gishiri, wato bazuwar lambobin da ake haɗawa da kalmar kafin niƙa, sai yawan zagayen niƙa, sai garin kansa. Duka haruffa 131. Gurbin da na tanada a teburin 64 yake ɗauka, gishirin kuma 64 ne cif. Gishiri zalla na ajiye, sai ya yi kama da gari.

MySQL 8.0 ba ya datse rubutu a ɓoye, ƙin karɓa yake yi ya ce ya yi tsawo. Ni na kashe masa wannan tsaurin da rana, na share sql_mode, saboda tsofaffin ranaku masu 0000-00-00 sun ƙi shiga wajen kwaso bayanai. Na ce zan mayar, ban mayar ba.

Na faɗaɗa gurbin zuwa 255, na sake liƙawa, na ƙirga da LENGTH ya ba ni 131. Na gwada shiga. Suna ko kalmar sirri ba daidai ba.

Saura ƙiris in warware gyaran. Abin da ya cece ni janareta ne da ya fara tari, na fita ƙara masa mai, na tsaya na sha ruwa. Da na dawo, ban taɓa komai ba, na shiga. A server.xml da ke zuwa da Tomcat akwai LockOutRealm, a cikinsa na dasa nawa Realm ɗin: kuskure biyar, a kulle suna na daƙiƙa 300, ko da daga baya an kawo kalmar gaskiya. A ƙwaƙwalwa yake riƙe kullen, shi ya sa duk lokacin da na sake tada Tomcat yake gogewa ban lura ba. Wannan karon a rumbu na yi gyaran, ban tada komai ba.

Tun daga ranar, abu ɗaya nake canzawa kafin in gwada, tagar log na buɗe a gefe, kuma ina da sunan gwaji na biyu wanda ban gajiyar da shi da kuskure ba. Gargaɗin MySQL kuwa, ko ɗaya ne, sai na buga SHOW WARNINGS.

Da safe ma'ajin ƙungiya ya kira. «Malam, ina kwana. Abin naka ya karɓe ni, amma ya rubuto wata lamba, 403.»

«Ranka ya daɗe, ya gane ka ke nan, izinin ɗakin ne ya hana ka. Ba ni minti biyu.»

Sabon matsayin da na ƙara masa, a tebur na rubuta Maaji, a web.xml, fayil ɗin saitin manhaja, kuma maaji. Da na bincika a MySQL ya nuna mini yana nan, domin shi bai damu da babban harafi ko ƙarami ba. Tomcat ya damu. Na rage harafin, na ce ya fita ya sake shiga.

«To, ga shi ya buɗe. Wai me ya same shi ne jiya?»

Na ce masa gishiri ne ya yi yawa.