Yadda na haɗa mahaifiyata da likitanta ta Jitsi

Mahaifiyata tana fama da hawan jini, tana zaune a Gumel, likitan da ke duba ta kuwa yana Kano. Da zirga-zirgar wata-wata ta fara yi mata nauyi, sai likitan ya amince a riƙa ganawa ta kiran bidiyo. Manhajar da aka fara ba mu ta nemi a buɗe asusu, ta kuma nemi izinin ganin lambobin da ke cikin wayar Inna, abin da bai kwanta mini a rai ba, domin maganar rashin lafiya sirri ce tsakanin majiyyaci da likitansa.

Daga nan na koma ga Jitsi Meet, wadda tana cikin manhajoji masu 'yanci, wato waɗanda kowa ke da ikon duba yadda aka rubuta su, ya gyara, ko ya ɗora su a kan na'urarsa. Emil Ivov ne ya fara aikin Jitsi a 2003 a Faransa. Abin da ya fi burge ni shi ne majiyyaci ba ya buƙatar asusu: ƙanwata ta latsa adireshin da na tura mata, sai ga fuskar likita. Na kuma duba Jami, wata manhajar kiran bidiyo mai 'yanci, amma dole kowane ɓangare ya sauke ta a wayarsa, likitan kuma ba shi da wannan lokacin.

Kuskuren farko nawa ne, domin na sa wa ɗakin ganawar sunan Inna, alhali duk wanda ya rubuta sunan nan zai iya faɗowa ciki. Yanzu nakan zaɓi dogon suna marar ma'ana, in sa kalmar sirri. Ranar da sabis ya yi rauni kuwa, Inna ta ɗaga kwalin maganinta likita ya karanta, sannan muka kashe kyamara muka ci gaba da murya kawai, ƙanwata tana karanto masa awon jinin da ta rubuta a littafi.

Tun watan Agustan 2023, mai buɗe ɗaki a meet.jit.si, shafin Jitsi da kowa ke iya amfani da shi, sai ya shiga da asusun Google, Facebook ko GitHub. Shi ya sa na roƙi likitan ya shawarci asibitinsu su ɗora Jitsi a kan na'urarsu, musamman ganin cewa dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman. Ya yi alkawarin kai maganar gaba.