Ranar da na faɗa wa likitata abin da ke raina

Bayan rasuwar mahaifiyata barci ya ƙaurace wa idona har wata biyar, sai ƙanwata ta matsa mini na fara ganin wata masaniyar halayyar ɗan'adam a wani asibiti a nan Bauchi. Duk Talata nakan hau keke daga Yelwa, mu zauna kusan minti arba'in. Daga zama na huɗu na fara ƙosawa, domin da zarar na ɗauko zancen Inna, sai ta mayar da ni kan takardar da ta ba ni, wadda nake rubuta tunanin da yake zuwa mini da dare. Ga kuma wayarta a kan tebur, duk lokacin da ta yi haske sai idonta ya kai can.

Na ƙudura in daina zuwa ba tare da na ce uffan ba, kamar yadda da yawanmu muke yi, domin an raine mu a kan cewa gaya wa likita ba ka gamsu ba rashin kunya ne. Ƙanwata ce ta tare ni. Ta ce, "Yaya, in tela ya ɓata miki ɗinki, ai komawa kike yi ki nuna masa inda ya matse." Ta kuma tuna mini cewa dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba majiyyaci haƙƙin sa baki a yadda ake kula da shi.

Ranar Talata na zauna ina murza bakin hijabina, tafin hannuna duk gumi, na ce, "Likita, ki gafarce ni, akwai abin da yake damuna game da zamanmu." Na faɗi zancen takardar, na faɗi na wayar. Ta yi shiru, ta jawo aljihun tebur ta saka wayar, kuma ba ta kawo wani uzuri ba, wanda hakan ya fi komai kwantar mini da hankali. Game da takardar, ta ce hanyar da take bi tana farawa da gyara tunanin da ke hana barci kafin a shiga zurfin baƙin ciki, amma ta amince cewa tun farko ya kamata ta yi mini wannan bayanin. Har yanzu takardar ba ta kwanta mini ba, kuma ban ɓoye mata ba.

Mun yi yarjejeniyar ƙarin zama huɗu, rabin kowanne a kan Inna, kuma in ban gamsu ba za ta haɗa ni da wani ƙwararre. Ta ja kunnena cewa ko na bar ta, kada in yanke maganin da likitan ƙwaƙwalwa ya rubuta mini farat ɗaya. Mun yi zama biyu, saura biyu.