Yaushe Ake Amsa Wa Wanda Ya Zuba Duka A Gasar Poker?

A gasar poker ta intanet, musamman nau'in Texas Hold'em, amsa wa ɗan wasan da ya tura dukkan ƙwandalolinsa na wasa tsakiya, wato kai ma ka zuba daidai abin da ya zuba, ya fi turawar kanta wuya, domin mai turawa yana iya kwashe tulin idan kowa ya janye, shi kuwa mai amsawa ba ya ci sai katinsa ya yi rinjaye.

Lissafin farko mai sauƙi ne. Idan akwai ƙwandala 1,500 a tsakiya kuma ana bukatar 1,000 kafin ka shiga, dole damar cinka ta kai kashi 40 cikin 100. Mai riƙe da katin Q biyu yana rinjayar mai riƙe da A da K kusan sau 55 cikin 100 kacal, abin da sababbin 'yan wasa kan manta.

Sai dai a gasa, ƙwandalar da ka rasa ta fi wadda ka ci daraja, kuma wannan shi ne tushen lissafin da ake kira ICM, wanda ke auna darajar ƙwandalolin ɗan wasa da kuɗin ladan gasar. Idan saura mutum ɗaya ko biyu su fita kafin a fara biyan lada, mai matsakaicin tari ya kamata ya taƙaita amsawa ƙwarai, ko da lissafin tulin ya ba shi gaskiya. A ganina nan ne aka fi yin asara.

Lamarin ya fi tsanani a gasar share fage, irin wadda Chris Moneymaker ya bi ta shafin poker na intanet PokerStars kafin ya lashe babbar gasar poker ta duniya a Las Vegas a 2003. Inda kowane mai nasara zai karɓi tikitin shiga babbar gasa iri ɗaya, wanda tarinsa ya riga ya tsira yana iya janyewa ko da A biyu ya riƙe, wato katin da ya fi kowane ƙarfi a farkon rabo.