Rage Ƙiba Ba Sai An Bar Tuwo Ba

A Kano har yanzu akwai masu ɗaukar teɓa a matsayin alamar hutu da wadata, alhali ƙiba tana cikin manyan abubuwan da ke jawo ciwon suga da hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ita.

A ganina, abin sha da man suya sun fi tuwo yi mana ɓarna. Magidancin da ya karya da shayi mai madarar gwangwani da suga cokali huɗu, ya haɗa da masar da ta jiƙe da mai, sannan ya kora abincin rana da lemon kwalba, cikin sauƙi zai wuce giram 50 na suga, iyakar da aka shawarci baligi a yini. Shi kuwa mai, kowane giram ɗinsa kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) 9 ne, na sitaci kuma 4.

Gyaran bai buƙatar abincin ƙasar waje. A rage malmalar tuwo, a cika rabin kwano da zogale, rama ko kabejin da ke jibge a kasuwar 'Yankaba, a riƙa cin wake da kifi, kuma a fifita gero da dawa a kan farar shinkafa. Shayin rage ƙiba da ake tallatawa kuwa ban yarda da shi ba.

Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi a hankali yana sassauta hawan jini da suga, amma mai shan maganin ciwon suga ya tuntuɓi likita kafin ya rage cin abinci.