Godiya ga duk waɗanda suka tsaya mana a jinyar ɗanmu

Alhamdu lillahi, an sallamo ɗanmu daga asibiti, yana gida yana cin abinci da kansa. A madadina da mahaifiyarsa, muna godiya ga 'yan'uwa, maƙwabta da abokan arziki da suka yi ta kira da addu'a tun da ya faɗo daga matattakalar bene kansa ya bugu da siminti. Maƙwabcinmu mai Keke Napep da ya kai mu ya kuma ƙi karɓar ko sisi, Allah Ya buɗa masa.

Godiya ta musamman ga likitar da muka tarar a sashen gaggawa na yara. Goshinsa ya kumbura suntum, ya yi amai a hanya, dangi kowa na cewa a yi masa hoton CT, wato hoton cikin kai da na'ura, nan take. Ita kuwa sai ta zauna ta yi mana tambayoyi: daga wane tsayi ya faɗo, ya suma, ya yi jijjiga? Ta haska masa tocila a ido ɗaya bayan ɗaya, ta leƙa kunnuwa da hanci ko jini ko wani ruwa garai-garai na fitowa, ta shafa bayan kunnensa. Ta auna shi da ma'aunin Glasgow, wanda ke duba buɗe ido da magana da motsi, daga 3 zuwa 15. Ya samu 15, wato maki mafi kyau.

Daga nan ta ce mana, "Baba, hoton CT yana da wani tururi mai ratsa jiki (radiyeshan) wanda ba a son yi wa yaro sai da dalili. Mu sa masa ido, in ya canza za mu yi." Wallahi wannan bayanin ne ya sa na iya zama a kujera. Ma'aikatan jinya suka kwana suna tashinsa lokaci-lokaci, suna tambayarsa sunansa, shi kuma yana ta ƙunƙuni don an hana shi barci. Allah Ya saka musu da alheri, Ya albarkaci zuri'arsu.

An ce mu koma da gudu in amai ya dawo, ko ciwon kai ya ƙaru, ko ya fara tangaɗi, ko barci ya yi nauyin da ba ya tasuwa. Masu zuwa dubiya muna maraba, sai dai a yi haƙuri, likita ta ce ya huta, ba ƙwallo ba wasan waya tukuna.