Shekara ɗaya a bakin tafkin Wannsee

A watan Yuli na kama ɗakin, kuma nan ne kuskurena na farko. Wanda ya ga unguwar Wannsee a lokacin bazara ba zai tsaya dogon lissafi ba. Ka sauko daga jirgin ƙasa, ka tsallaka titi, sai ga tafki shimfiɗe a gabanka, kwale-kwale masu farin filafilai suna ta shawagi, itatuwa sun yi duhu ta ko'ina. Ni da na sha wahalar neman masauki a tsakiyar Balin har wata biyu, da wata dattijuwa ta nuna mini ɗaki a saman bene mai taga tana kallon daji, ko tayi ban yi ba. Abokina da muka zo karatu Jamus tare ya ce, "Malam, Banze fa? Ka ji sunan ma." Jamusawa da wani harafi tsakanin fa da ba suke fara sunan, shi kuwa ya mayar da shi Banze don ya ji daɗin tsokanata da banza.

Unguwar tana can ƙuryar kudu maso yammacin birnin, a gundumar Steglitz-Zehlendorf, daga ita sai birnin Potsdam. Tafkin kansa wani lungu ne na kogin Havel da ya buɗe ya yi faɗi. Jiragen ƙasa na layin S1 da S7 duk suna tsayawa a tashar, don haka a taswira sai ka ga kamar komai kusa ne. Abin da taswira ba ta nuna mini ba shi ne tafiyar minti ashirin a ƙafa daga tasha zuwa gida, rabinta a gefen daji.

A wannan hanyar na fara gamuwa da aladen daji. Wani dare ina dawowa wajen ƙarfe goma sha ɗaya, sai na ji gurnani da ƙarar tonon ƙasa. Na haska fitilar waya: uwa ce da 'ya'yanta guda biyar ko shida, sun yi wa ciyawar gefen titi kaca-kaca kamar an shiga da garma. Ta ɗago kai ta dube ni. Na karanto duk addu'ar da ta zo bakina, na ja da baya a hankali, na zagaya ta wani titi. Da safe na ba mai gidan labari ina jiran ta jajanta mini, sai tambaya ɗaya ta yi: na dai rufe ƙofar lambu? Ashe furanninta take ji. Daga baya ta koya mini ƙa'idar: kada ka gudu, kada ka shiga tsakanin uwa da 'ya'ya, ka ba su hanya. Ita ce kuma ta ce in riƙa duba ƙafafuna duk lokacin da na ratsa ciyawa, saboda kaska. Na ɗauka kaska matsalar shanu ce, sai da na ciro ɗaya a bayan gwiwata.

Mama nake ce mata. Da farko ta ɗan yamutsa fuska, don su sai da sunan dangi da lakabin girmamawa ake kiran babba, amma ta saba.

Shirun wurin ya fi aladun ba ni wuya. Daga ƙarfe goma na dare ba a son motsi, ranar Lahadi kuma kantuna a rufe, ba mai kunna injin yankan ciyawa, ba mai buga guduma. Lahadina ta farko da shayi da busasshen burodi na wuni. Nama na halal da kayan miya kuwa sai na je unguwar Neukölln, titin Sonnenallee, tafiyar da ke cin kusan awa guda. Juma'a ma haka, masallacin Turkawa na Columbiadamm nake zuwa, in haɗa salla da cefanen mako, in dawo da jakar goyo cike da kaza da attarugu. Da na san haka, da abin da zan fara tambaya kafin in karɓi makulli ke nan: ina masallaci, ina mahauci, ƙarfe nawa motar ƙarshe take wucewa.

Sai hunturu ya shigo. A watan Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, Azahar da La'asar da Magariba suna bin juna kamar ana korar su. Ganye ya zube, kwale-kwalen nan an kwashe su an lulluɓe da tamfol, tafkin ya koma ruwan toka. Akwai makon da ban yi magana da kowa ba sai Mama da mai karɓar kuɗi a kanti. Ban ɓoye ba, na fara duba tallan ɗakuna a cikin gari.

Jirgin fito ne ya cece ni. Akwai wanda ake kira F10, yana tashi daga Wannsee zuwa unguwar Kladow da ke tsallaken ruwa sau ɗaya a awa, tafiyar kamar minti ashirin, kuma tikitin da kake hawa bas da jirgin ƙasa shi ne nasa, ba ƙari ko sisi. Na mayar da shi al'ada: in shiga da butar shayi, in haye, in ɗan taka, in dawo. Daga nan ƙafata ta buɗe. Na je tsibirin ɗawisu, Pfaueninsel, inda tsuntsayen ke yawo abinsu. Na taka har gadar Glienicke, wadda a kanta Amurka da Tarayyar Sobiyet suka yi musayar 'yan leƙen asiri a 1962. Mama ta ce kafin katangar Balin ta faɗi a 1989, nan ne ƙarshen duniyarsu su mutanen Balin ta Yamma, wannan tafki kuma shi ne tekunsu. Sai na gane dalilin da ya sa bakin ruwan wanka na Strandbad, mai rairayi fiye da kilomita ɗaya, yake cika maƙil da zarar rana ta fito. (Mai kunya ya kula da alluna, akwai ɓangaren da aka ware wa masu wanka ba sutura.)

Wuri ɗaya na daɗe ina ɗaga zuwansa. A titin da ke bin gaɓar tafkin akwai wani katafaren gida mai lambu. A cikinsa, ranar 20 ga Janairun 1942, manyan jami'an gwamnatin Nazi su 15 suka zauna ƙarƙashin jagorancin Reinhard Heydrich, suka tsara yadda ma'aikatu za su haɗa hannu wajen kashe Yahudawan Turai. Taron bai wuce kamar awa ɗaya da rabi ba. Tun 1992 gidan ya zama wurin tunawa, shiga kyauta. Na tsaya gaban takardar taron, ƙasa-ƙasa an jera da adadin mutanenta, jimilla miliyan 11, tsaf kamar lissafin buhuna a sito. Na ɗaga kai, ta taga ruwan nan ne dai da nake sha'awa kullum. 'Yan mintuna kaɗan daga nan gidan mai zane Max Liebermann yake, shi ma Bayahude, wanda aka tilasta wa matarsa Martha sayar da shi a 1940, ta kuma kashe kanta a 1943 lokacin da 'yan Nazi za su kwashe ta. A ranar nan da ƙafa na koma gida, ban iya shiga bas ba.

Da shekara ta cika na koma cikin gari, kusa da masallaci da hayaniyar mutane, ɗakin da bai kai rabin wancan ba. Ranar da zan miƙa makulli Mama ta ba ni ɗan matsefin cire kaska a cikin ambulan. Na ce ai inda za ni babu ciyawa. Ta ce in riƙe dai, jirgin fito yana nan.